Tafintan da Ya Ƙi Cewa Aro Ne

Ku da kuke zaune kuna latsa waya tana faɗa muku abin da Bature ya ce, kuna ganin tafinta ba sana'a ba ce. Ɗayanku ma ya ce mini wai ai maimaitawa ce kawai, aikin aku. To ku gyara zama ku ji. Da bakin nan na ci abinci tsakanin Madawa da Buza da Kaita tun ina saurayi har furfura ta fara fito mini, kuma ban taɓa yin aikin da ya fi shi nauyi ba.

Aikina na farko a tashar Madawa na same shi, lokacin albasa. Wani Alhaji ya loda kamiyo guda, babbar motar kaya, za ta Gana, ta tashi da safe. Da azahar sai ga direban, mutumin Kumasi, ya dawo bayan keken wani, gumi ya jiƙa masa riga. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci. Abin da yake ta faɗa shi ne, "The lorry broke down." Wani ɗan kamasho da ya san break karyewa ce, down kuma ƙasa, ya ce wa Alhaji mota ta karye ta faɗi ƙasa. Alhaji ya zauna dirshan bisa buhu yana salati, ya ɗauka albasarsa ta watse cikin kwazazzabo. Ina gefe ina shan fura. Na taso na yi wa direban tambaya biyu, na ce wa Alhaji motarsa tana tsaye bisa ƙafafunta huɗu a bakin hanya, inji ne ya mutu, bel ya tsinke. Aka nemo makaniki, aka tura shi, kafin la'asar mota ta ci gaba da tafiya. Albasa ba ta jiran kowa cikin rana, da an ɓata yinin ana koke-koke da rabinta ya ruɓe. Daga ranar duk direban da ya zo da Ingilishi, sai a ce a kira Shaibu Ɗan Kumasi.

Abin da ya kayar da ɗan kamashon nan shi ne duk sana'ar. A Ingilishi manyan kalmomi ba su da wuya, kowa yana iya haddace su. Wuyar tana ga 'yan ƙanana, up, down, in, out, off, back, waɗanda suke manne wa aikatau su juya shi. Mota ta lalace, broke down. Ɓarawo ya fasa ɗaki ya shiga, broke in. Ƙyanda ta ɓarke a gari, broke out. Taro ya watse, broke up. Break ɗin guda ne, amma ba ɗaya da za ka ba wa mai Hausa da kalmar karyewa.

Ba a lakwal, wato makarantar boko, na koya ba. A Tamaske aka haife ni, ubana ya tafi da ni Kumasi ina ƙarami, yana fataucin goro. Can ya haɗa ni da Baba Salihu, tsohon soja ne, Bahaushe, wanda yake tafinta a tashar mota da asibiti da duk inda aka kira shi. Ba shi da littafi. Da safe zai ajiye hula da buta da fitila a gabana, ya zauna da maficinsa. Ya ce put it on, in sa hula. Put it down, in ajiye. Put it away, in ɓoye ta cikin ɗaki. Put it out, in hure fitila. In na ɗauki hula maimakon fitila, mafici ya sauka a ƙeyata. Wata rana na gaji na ce masa wannan yare ba shi da kan gado, kalma ɗaya ta yi aiki goma. Ya ce in ce saya. Na ce. Ya ce in ce sayo, sayar, saye. Na ce. Ya tambaye ni mai saya da mai sayarwa ɗaya ne? Na ce a'a. Ya ce to haka nasu yake, mu a jikin kalmar muke ɗinke canjin, su kuwa daga baya suke jawo shi kamar akuya a igiya, wani lokaci ma igiyar doguwa ce. Da Gana ta kori baƙi muka dawo gida Adar da tabarmi da tukwane, ni kuma da wannan a kaina.

Doguwar igiyar nan ita ke kashe mai gaggawa. Bature zai ce turn, ya saka injin ban-ruwa da lambu da sunan mai lambun a tsakiya, sai can ƙarshe ya ce off. In ka yi saurin buɗe baki ka ce a juya ko a kunna, ka aika mutum aikin da ba a sa shi ba. Shi ya sa kayan aikin tafinta na farko jira ne. Na biyu kunne, don Amurkawa haɗiye ƙaramar kalmar suke yi kamar tuwo mai zafi, ba kamar mutanen Gana da ke fito da ita fili ba. Na uku rashin kunyar tambaya. Na taɓa bin wata nas Baturiya aikin lamba, allurar rigakafi, a ƙauyukan Kaita. Wata mata mai ciki ta yanke jiki ta faɗi cikin layi, aka shigar da ita rumfa, mijinta yana waje ya riƙe mini hannun riga. Nas ta leƙo ta yi magana da sauri, na ji passed, ban ji abin da ya biyo ba. Passed out suma ce. Passed away rasuwa ce. Ban motsa ba sai da na sa ta maimaita, tana harara ta. Ta ce out. Sannan na juya na ce wa mutumin matarsa suma ta yi, a kawo ruwa. In da na ji kunyar hararar nan na yi cinke, da wataƙila na sa shi kuka a banza, ko kuma na sa shi dariya a gaban gawa.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Majiya.

Ku da kuka tashi kuka tarar da layukan itacen bedi, wato dogon yaro, sun ratsa kwarin Majiya kuna zaton can Allah ya ajiye su. Dasa su aka yi. Kafin su, iskar farkon damina tana sauka kwarin nan ba abin da ke tare ta. Hatsi ya tsiro kamar yatsa, ta kwaso rairayi ta binne shi, a sake shuka, ta sake binnewa. Sai wasu Amurkawa suka zo da shawarar a dasa itace layi-layi a gicciye, su karya iskar. Suka haɗa kai da ma'aikatan gandun daji. Aka ɗauke ni tafinta. Wanda nake bi kullum wani saurayi ne dogo cikin Amurkawan, mutane suna ce masa Mai Bedi. Daga ɓangaren gwamnati kuma akwai shugaban gandun daji na lokacin, wanda muke ce wa mushe, wato maigida da Faransanci, ba zan faɗi sunansa ba. Mutum ne mai son aikinsa, ba ya cin na kowa, kuma ya ƙosa ya ga itacen nan a ƙasa.

Matsalar ita ce layin itace ba a sama yake tsayawa ba. A gonar mutane yake tsayawa. Duk inda ya bi, ya cinye tsiri guda, inuwarsa ta ƙara cin wani.

Aka sa ranar taro a wani gari kusa da Tama. Shugabar aikin ta zo daga Yamai, wata dattijuwa mai farin gashi, muna ce mata Madam. Faransancinta bai kai ya kawo ba, da Ingilishi za ta yi magana. Muna cikin mota mushe ya matso ya ce mini a hankali, in aka zo maganar fili in ce aro ne. Ya ce in mutanen nan suka ji an ce su rabu da ƙasa, ko da faɗin tabarma, ba za su yarda ba, iska kuma ta ci gaba da cinye su. In itace ya girma suka ga amfaninsa, ba wanda zai tuna da abin da aka faɗa. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ina jiran in ji abin da matar za ta faɗa da bakinta.

Aka zauna ƙarƙashin gawo, maigari da dattawa a gaba. Madam ta yi bayanin iska da itace, ina juyawa, kowa yana gyaɗa kai. Sannan ta ce kowane mai gona da layi ya bi ta kansa "will have to give up a strip of his field."

Na san give up. Mai taba in ya bar ta har abada, give up ya yi. Sojan da ya miƙa bindiga, give up ya yi. Amma ban dogara da sanina ba, na tambaye ta a gaban kowa ko daga baya za a yi give back, a mayar musu. Ta girgiza kai, ta ce a'a, itace zai zauna, filin ya tafi ke nan. Ita dai ba ta ɓoye komai ba.

Akwai wani tsoho a wurin, Arzika sunansa, daga gidajen nan da suka daɗe da kafa garin tun kafin sallah ta game ko'ina. Gonarsa siririya ce doguwa, kuma a kwance take daidai yadda layin zai bi. Wasu za a ɗan yanki gefen tasu, shi kusan rabin tasa za ta tafi. Ya ga na tsaya ina tambaya, ya gane akwai magana. Ya nuna ni da sandarsa.

"Ɗana, hwaɗa muna abin da tac ce. Aro na?"

Mushe yana kallona. Na ce, "Baba, ba aro ba ne. Ta ce sallamawa za ku yi. Inda itace ya tsaya ya bar hannunku, ba za a mayar ba."

Wurin ya kaure. Wasu suka miƙe, wasu suna zagi, maigari yana ɗaga hannu ba mai sauraron sa. Arzika ya naɗe buzunsa ya tafi, mutane suka bi shi. Madam tana tambayata me ya faru, na ce mata abin da ta faɗa ne na faɗa.

Washegari aka kira ni buro, wato ofishinsu, a Buza. Mushe ya ce na kashe taro, na kashe aikin shekara, in koma garin in ce musu kuskure na yi, ban ji Ingilishin da kyau ba. In na yi haka aikina yana nan. Na ce masa na ji shi da kyau, shi ma ya san na ji. Ya ce ni wa ya ɗauke ni aiki, su ko ƙauyawa? Na ce su suka ɗauke ni, amma bakin matar nan aka ce in zama, ba bakinsa ba. In yana son a ce aro, ga shi da Hausa a bakinsa, ya tashi ya faɗa da kansa, sunansa ya hau maganar.

Mai Bedi ya biyo ni waje. Yaron kirki ne, ba ya son ya ga na tafi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Shaibu, just give in." Wato in sauko, in bi abin da aka ce, a wuce wurin. Na ce masa jiya an yi give up, an hana give back, yau kuma ga give in. Duka ukun na san su, biyu na juya wa mutane, na ukun kuma ba zan yi ba. Na ɗauki jakata na nemi motar Madawa.

Kada ku zaci garin nan sun ɗauke ni gwarzo. Sun ƙi itacen a shekarar, aka kai shi wasu garuruwa da wani tafinta. Da damina ta faɗi iska ta binne musu shuka har sau biyu. Na haɗu da wasunsu a kasuwar Tama, wani ya ce mini da na yi shiru da yanzu nasu itacen ya kai gwiwa. Na ce masa gaskiya ne, da kuma yana nan yana jiran ranar da za a mayar masa da fili. Itacen abin kirki ne, ban taɓa cewa ba haka ba. Amma mai gona shi ke da ikon ya ji farashin abu kafin ya karɓa.

Da rani ya zagayo su da kansu suka aika wa gandun daji, suka ce a zo a sake zama, amma da sharaɗi. Tunda fili zai tafi har abada, to a karkata layin yadda asarar za ta rabu kan gidaje da yawa, kuma ranar da itacen ya isa sara, na masu gonar ne. An ja, an ja, aka yarda. Ba ni na yi wannan tafintar ba, labari na ji. Arzika duk da haka ya rasa yanki mai kyau, amma ba rabi ba.

Ni kuwa na koma tasha wurin direbobi da 'yan tireda masu kawo kayan mota daga Najeriya. Ana ci ba yabo ba fallasa har farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Ruwa ya ƙi, iyakar Najeriya kuma aka rufe ta. Tasha ta zama fili. Baƙin da ke zuwa rabon abinci da nasu tafintoci suke zuwa daga Yamai, kuma sunana ya riga ya ɓaci a buro, an san ni da taurin kai. Wani da ya san mushe ya ce in je in ba shi haƙuri, zai sa a ɗauke ni. Ban je ba. Na tafi Kaita inda aka buɗe aikin gyaran ƙasa, ana jera duwatsu a gangaren tudu ana ba mutane abinci. Mafi yawan masu aikin mata ne, mazansu sun tafi cin rani. Na shiga cikinsu da gammo a ka. Suna yi mini dariya, suna cewa Ɗan Kumasi, mi a sunan dutse da Ingilishi? In faɗa musu, mu ci gaba. Da abincin nan na riƙe gidana har ruwa ya dawo. A kan hanya na ga wasu wurare inda aka ce wa mutane aro ne, yunwa ta sa sun shiga layin itacen da gatari sun kwantar da shi tun daga gindi. A ganinsu lokacin aro ya cika. Ban ga laifinsu ba.

Bayan farin da kamar shekara biyu, ina Madawa, sai ga ɗan Arzika da wani dattijo sun zo nemana. Itacensu ya girma, an sa ranar fara sara, wani sabon Bature zai zo ya faɗi yadda za a yi. Suka ce gari ya yanke shawara ba za su zauna ba sai da nasu tafinta, su za su ɗauke ni, ba buro ba. Na sa rigata na bi su.

Na tarar da layin ya yi duhu, ya fi soro tsawo, a bayansa karan dawa a tsaye. Mushe yana nan, ya ƙara ƙiba, ya zo da tafintansa. Muka gaisa kamar yadda ya kamata, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Sabon Baturen ya ce ba za a yi cut down ba, cut back za a yi. Mutane suka juyo suna kallona. Na ce musu cut down shi ne a kwantar da itace daga gindi, ya mutu. Cut back shi ne a rage masa kai a bar gangar jikin, ya sake tohowa, bayan 'yan shekaru a sake samun wasu sanduna. Na sa Baturen ya je jikin itace ya nuna da hannunsa inda gatari zai sauka. Ya miƙa hannu sama da kansa. Kowa ya gani, ba sauran gardama.

Aka fara da layin da ya bi ta gonar Arzika. Wani saurayi ya hau, ya sari babban reshe, ya faɗo da ƙara. Mushe ya ce a tara duk abin da aka sara wuri ɗaya, kwamiti zai zauna ya raba daga baya. Arzika a lokacin ya tsufa ƙwarai, idonsa ɗaya ya tafi. Ya ba ɗansa sandarsa, ya tako a hankali, ya sunkuya ya kama reshen nan ta gindi. Ya fi ƙarfinsa, amma ya ja shi.

"Ƙasata ta haihe shi," in ji shi. "Na amshe abina."

Baturen ya tambaye ni me tsohon ya ce. Mushe ya yi saurin cewa da Hausa wannan ba sai an juya ba, maganar tsofaffi ce. Na dubi Baturen na ce, "He says his land bore it. He is taking it back."

Baturen ya tsaya yana kallon tsohon yana fama da reshen cikin kunyoyin gona. Sai ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya je ya ɗaga ɗaya bakin ya ɗora a kafaɗa. Arzika bai waiwaya ya ga ko wa ne ba. Yana gaba, Baturen yana baya, ganye yana jan ƙasa, suka nufi gari. Mushe ya buɗe baki zai yi magana, ya duba ya ga duk masu gona sun riga sun tsaya kowa gindin itacen da ke cikin tasa, da gatari a hannu. Ya rufe bakinsa, ya ce wa saurayin da ke sama ya ci gaba da sara.